Ashirin da Goma

Ranar da aka fara dukan Firit a kan lissafi ina baranda ina haɗa hannun riga, labule ne kaɗai tsakanina da su. Shekararta biyar da 'yan watanni. Ni gwaggonta ce, ƙanwar ubanta, a gidansa nake zaune, kuma keken ɗinkina yana dab da ƙofar falo. Saboda haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba.

Firit muke kiranta don ƙanƙantarta. Ga ta 'yar firit, ga baki ba ya hutawa. Kafin wannan rana babu abin da take so irin ƙirga. Da ta dawo daga makaranta za ta yar da jaka ta shige ƙarƙashin kekena, ta juye gwangwanin da nake tara maɓallai, ta jera su a kan siminti, jajaye gefe, farare gefe. Cokulan gidan ta san adadinsu, ta san tagogin gidan da ke kallonmu guda nawa ne. In na ba ta maɓalli uku na ƙara mata biyu, sai ta taɓa su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, harshe a waje, ta ɗago ta ce, "Biyar!" kamar wadda ta yi tsintuwa.

Wuri ɗaya take tuntuɓe. In ta kai ashirin da tara sai ta ce ashirin da goma.

"Talatin ake cewa, Firit."

"A'a Gwaggo, ai bayan tara goma ce. Ke da bakinki kika faɗa."

Sai mu yi ta dariya ni da uwarta, don in ka duba ba ƙarya yarinyar ta yi ba. Har ta gane abin yana ba mu dariya, ta riƙa faɗa da gangan tana kallon fuskokinmu.

Yaya, uban Firit, direba ne, manajan wani kamfani yake tuƙawa. Kowace safiya shi ke kai 'yar manajan makaranta kafin ya wuce da uban ofis. Wata rana muna cin abinci ya ajiye cokali ya ce, "Yarinyar nan ta oga, wata biyu Firit ta girme ta. Yau tun daga ƙofar gida take ƙirga, ba ta tsaya ba sai ɗari biyu. Uban ya ce bakwai a tara da takwas, kafin ya rufe baki ta ce sha biyar. Ko yatsa ba ta ɗaga ba."

Matarsa ta ce, "Tubarkalla."

"Ya tambaye ni tawa fa. Na ce ita ma haka take. Ya ce in kawo ta wata rana su gwada."

Ya yi dariya, mu ma muka yi. Mun ɗauka zance ne irin na mota.

Sati biyu bayan haka aka ba da takardar sakamako. Firit ta zo ta ashirin da huɗu a cikin yara talatin, an ja jan layi a ƙarƙashin lissafi. Yaya ya karanta a tsaye, ko takalmi bai cire ba. Ya kira ta falo ya ce ta ƙirga masa. Ta gyara tsayuwa, ta haɗa ƙafafu, ta fara da murna. Da ta kai ashirin da tara ta juyo wajen labule inda ta san ina zaune, ta ɗaga murya ta ce, "Ashirin da goma!" Ta tsaya jiran dariya.

"Me kika ce?"

"Ashirin da goma, Baba."

Wayar caja ce ta fi kusa da hannunsa. Ya zare ta daga bango ya ninka biyu. Kukan farko da ta yi ba na zafi ba ne, na mamaki ne. Sai da ya zuba mata ta uku ta gane da gaske ake yi.

Washegari ya dawo da ɗan allo baƙi da kwalin alli, ya kafa ƙusa a bangon falo ya rataye. Daga ranar, da ya shigo gida da yamma, kafin ya sha ruwa, sai ya ce, "Ina ɗalibata?" Ya kafa doka uku. Amsa ɗaya ba daidai ba, bulala ɗaya. Ba a cin abinci sai an kawo amsa goma a jere. Kuma ba a ƙirga da yatsu.

Ta ukun ce ta kashe ta. Firit ba ta san huɗu ba sai ta taɓa abu huɗu. In ya ce huɗu a tara da uku, hannunta ke fara tashi da kansa, sai ya sauke shi da waya. Da ya gaji ya ce ta riƙa zama a kan hannayenta. Tana zaune a kan tafukanta a tsakiyar falo, ido a kan allo, ni kuma ta ƙarƙashin labule ina hango yatsun ƙafarta suna motsi ɗaya bayan ɗaya. Kwana uku ta yi tana tsira da su kafin ya lura. Ya sa aka riƙa sa mata safa da takalmin makaranta lokacin karatu.

Na jira ranar da na ga fuskarsa a sake, na kai masa shayi na ce, "Yaya, yarinyar nan ta iya fa. Da rana a wajena tana kawowa daidai. Tsoro ne yake toshe mata kai."

"Da maɓalli take kawowa. Ranar jarrabawa gwangwaninki za ta ɗauka ta shiga da shi?"

"Ai yarinya ce. Kowa da yatsa ya fara."

"Shi ya sa kowa ya ƙare inda ya ƙare." Ya ajiye kofin. "Kin san shekara nawa na yi ina buɗe wa mutumin nan ƙofa? Na girme shi. In ya ga dama ya bar ni a rana awa uku, ya fito ko sannu babu. Me ya fi ni? Karatu. So kike ita ma ta tashi tana wanke wa 'yarsa kwanuka? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

"Ana tanƙwarawa, Yaya, amma ba a karyawa."

Ya dube ni tun daga sama har ƙasa. "'Ya'ya nawa kika raina da za ki koya mini? Ki ji da kekenki. In gidan ya yi miki zafi, ban sa wa ƙofa kwaɗo ba."

Ba ni da wani ɗakin. Na ɗauki kofin na fita.

Matar Yaya kuwa abin ya zame mata biyu. Da farko takan tsaya a bayansa da ƙaramar 'yarsu a goye, tana nuna wa Firit amsa da yatsu a ɓoye. Ranar da ya waiwaya ya kama ta, ya ce ashe ita ke ɓata masa yarinya, daga uwa ta gaji daƙiƙanci. Tun daga nan sai ta koma koya mata da rana, a firgice, tana girki tana jefo tambaya daga kicin. In Firit ta yi kuskure sai ta fito ta murɗe mata kunne. "Shida ne, shida! So kike ya dawo ya kashe mu?" Yarinyar da ake duka sau ɗaya a rana ta koma sau biyu.

Na ce mata, "Anti, ke ma?"

Ta share hawaye da gefen zani. "Gwaggon yara, me zan yi? Gara in murɗe ta ni da na san inda zan tsaya. Kuma ai ba ƙin ta yake yi ba. Wane uba ne zai dawo a gajiye ya zauna koyar da 'ya? Wasu ko ajin 'ya'yansu ba su sani ba."

Cikin wata guda Firit ta daina shiga ƙarƙashin kekena. In na girgiza mata gwangwanin sai ta kau da kai. Ta fara fitsarin kwance, abin da ta bari tun tana shekara uku. Kullum da safe uwar za ta fitar da katifa rana ta bayan gida don kada ya gani. Sai in'ina ta shigo. Ba a kowace magana ba, a kan lambobi kawai. Za ta ce "ba-ba-ba" ta kasa fitar da bakwai, shi kuma ya ce iskanci ne sabo ta koyo. Da la'asar ta yi za ka gan ta ta kasa zama, tana zagaye tsakar gida tana leƙen ƙofa. In ta ji tafiyarsa sai ta ruga ban ɗaki. Sau da yawa amsa goman ba ta cika, a ɗauke farantinta a rufe. Ni ce mai ɓoye mata burodi a aljihun kekena, ta ci a tsaye a bayan ƙofa tana haɗiya ba tauna.

Wata Asabar da hantsi malamar ajinsu ta yi sallama. Matashiya ce, siririya, da jakar littattafai a kafaɗa. Yaya ya karɓe ta da fara'a, ya sa aka kawo mata ruwa mai sanyi.

Ta ce, "Baban Firit, na zo ne a kan yarinyar nan. A da ita ce mai ɗaga hannu kafin in gama tambaya. Yanzu in na ɗauki alli sai ta shige ƙarƙashin tebur. Shekaranjiya na raba musu murafan kwalba su ƙirga, ta ɓoye hannayenta a ƙarƙashin cinya ta ƙi taɓawa. Kuma na ga bayanta."

"Muna ɗan taimaka mata ne a gida, Malama."

"Don Allah a sassauta. Yaro a shekarunta da hannu yake gane lamba. Ya taɓa, ya jera, ya rage, ya ƙara. In ya saba, hannun da kansa yake sauka. Ba ta makara ba ko kaɗan."

"To in ba ta makara ba, wa ya rubuta ta ashirin da huɗu? Ba ke ba ce?"

Malama ta sunkuyar da kai. "Mai makaranta ne ya ce a riƙa jera su. Iyaye suna so. Ni da za a bi tawa..."

"Ba a bi taki ba, kuma kin sa hannu. Ke kika ja jan layi, ni kuma ina gyarawa. Ai aikinmu ɗaya." Ya yi murmushi. "Mun gode da kulawa. A gaida gida."

Ya raka ta har bakin titi. Da ya dawo ya rufe ƙofa ya ce, "Wato ƙarata kika kai." Ranar babu tambaya ko ɗaya, duka ne kawai. Malama ba ta sake zuwa ba. Na haɗu da ita a hanya bayan kwanaki, ta ce mai makaranta ya ja mata kunne kada ta ƙara shiga harkar gidan mutane, yara suna ƙaranci, ba ya so a cire masa ɗaliba.

Da Innarmu ta zo kwana biyu na ja ta ɗakina na ɗaga mata rigar Firit. Sawun waya ne layi a kan layi, wasu sun bushe wasu sababbi. Inna ta yi salati, ta shafa mata man zafi. Na ce to, yau za a yi ta ta ƙare. Da yamma ta kira shi.

"Kai, ka riƙa rage hannu. Kuma ka kiyayi fuska, 'ya mace ce."

"To, Inna."

Shi ke nan. Da na yi ƙorafi ta ce, "Ubanku ya fi haka zafi, ga ku nan kun zama mutane. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ke dai kada ki shiga tsakanin uba da 'yarsa ki jawo wa kanki."

Ana haka manajan ya tuna da zancensa. Ya ce ranar Lahadi a kawo yarinyar ta yini da tasa. Yaya ya dawo gida kamar an aiko masa da sammaci. Kwana biyar ya rage, sai ya ƙara karatu da sassafe kafin ya fita. Ya sa ta haddace amsoshi kamar waƙa, bakwai da takwas sha biyar, tara da shida sha biyar, takwas da takwas sha shida. Tana faɗa, amma in ya juya tambayar ya ce takwas da bakwai sai ta tsaya tana kallonsa. Ba ta san abu ɗaya ba ne.

Ya kawo mini yadi ya ce in ɗinka mata riga. Ni na ɗinka, shuɗiya mai dogon hannu da wuya a rufe, don shi ya ce a yi dogon hannu kuma na san dalili. Ranar Lahadi uwar ta gyara mata kai, ta shafa mata hoda. Ya riƙe hannunta suka fita, yana ce mata, "Kada ki ba ni kunya, kin ji? In kin yi ƙoƙari zan saya miki keke." Ta gyaɗa kai. Ko karin safe ba ta iya ci ba.

Kafin azahar suka dawo. Yana gaba tana bin sa da gudu-gudu, rigar a jiƙe daga ƙugu zuwa ƙasa. Daga bakinsa muka ji abin da ya faru, yana faɗa yana huci. An zaunar da su a falon manajan, an kawo lemo. Manajan ya ce, cikin wasa, biyu a tara da biyu nawa ne. Firit ta zauna a kan hannayenta, ta buɗe baki, "hu-hu-hu," ta kasa. Sai fitsari ya biyo kujerar. Matar manajan ta ce ba komai, yara ne, ta kira mai aiki ta goge. Manajan ya yi dariya ya ce, "Direba, ashe kai ma ka iya tuƙa zance."

"Biyu da biyu!" Yaya ya daka tsawa a tsakar gida. "Biyu da biyu, a gaban mutumin nan!"

Bai nemi waya ba. Da tafin hannu ya kai mata, a kunnen hagu. Ta yi gefe ta bugu da bango ta zauna. Ba ta yi kuka ba. Ta sa hannu ta dafe kunnen, tana kallon ƙasa kamar mai neman abin da ya faɗi. Da yamma na ga ɗan jini a wuyan rigar.

Na ce a kai ta asibiti. Ya ce ƙurjewa ce. Uwar ta ɗiga mata man zaitun ta toshe da auduga. Kwana tara aka yi, kunnen ya fara ruwa yana wari, zazzaɓi ya rufe ta, sannan ya ce mu kai ta, shi yana da aiki.

Nas ɗin da ta karɓe mu babbar mace ce mai tabarau. Ta cire audugar ta yamutsa fuska. Da ta zo sa ma'aunin zafi ta ɗaga rigar, sai ta tsaya. Ta daɗe tana kallon bayan.

"Me ya sami kunnen?"

Matar Yaya ta ce, "Faɗowa ta yi daga kan benci."

"Bayan ma bencin ne?"

"Ƙiriniya gare ta, Sista."

Nas ta juyo gare ni. "Ke wace ce tata?"

"Gwaggonta."

"Gida ɗaya kuke?"

"E."

"To ke faɗa mini. Faɗuwa ta yi?"

Firit tana kwance a kan gadon, idonta a kaina. Matar Yaya ta taka mini ƙafa. Na tuna ɗakina, na tuna kekena a baranda, na tuna Inna. Na ce, "Ba na nan lokacin."

Nas ta cire tabarau ta goge ta mayar. Akwai layin mutane a bayanmu har waje. Ta rubuta abin da aka faɗa mata ta ce mu shiga wajen likita. Likita ya haska kunnen ya ce dodon kunnen ya fashe, kuma an bar shi ya ruɓe. Zai ba da magani ruwan ya tsaya, amma ji da wannan kunnen, kada mu sa rai sosai.

Sati biyu ba a yi karatu ba. Yaya ya sayo mata biskit da takalmi mai fitila. Ya ɗora ta a cinya tana sandare kamar itace. Ya ce mana, ba tare da an tambaye shi ba, "Kafaɗa na nufa, ita ce ta juya kai. Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." Matarsa ta ce haka ne. Ya ce, "Allah ya sani don ita nake yi."

Da ruwan kunnen ya tsaya aka koma gaban allo. Yanzu in ya yi tambaya ta gefen hagu ba ta ji. Sai ta karkato da kai tana kallon bakinsa, shi kuma ya ce harararsa take yi. Ya ce shida, ta ji uku. In ta ce "Na'am?" ya ce raini ne. Daga baya ta daina cewa na'am, ta daina cewa komai. Ya yi tambaya, ta miƙa bayanta tun kafin ya ɗaga hannu. Duka ba ya daɗi a kan wanda ba ya kuka, sai ya fara gajiya.

Ƙarshen zango takarda ta zo, ta talatin a cikin talatin. Ya duba ya ninke ya sa a aljihu. A wajen cin abinci ya ce, "Na yi iyakar ƙoƙarina, kowa shaida ne. Wata huɗu ban huta ba. Yarinyar nan kanta ba ya ja, haka Allah ya yi ta. Ba zan ci gaba da zuba ruwa a kwando ba. Ta zauna gida ta taya uwarta aiki, in ta ƙara wayo a gani."

Muka ci gaba da cin abincinmu. Kuma in faɗi gaskiya, daɗi na ji. An cire yarinya 'yar shekara biyar daga makaranta, ni gwaggonta na ji sanyi a raina, don na san yau za ta ci abinci da zafinsa.

Yanzu wata uku ke nan. Da safe tana tsayawa a bakin ƙofa da tsintsiya ta ga yaran layinmu suna wucewa da jakunkuna, in sun kira ta ba ta amsawa. Tana shara, tana wanke kofuna, tana riƙe ƙanwarta in uwar tana girki. Ba ta ɓarna, ba ta surutu. Baƙi in sun zo sukan ce, kai, wannan yarinya akwai natsuwa, Yaya ya ce ai tarbiyya ce.

Ranar Talatar da ta wuce wata mata ta zo karɓar ɗinkinta. Tsohuwar ma'aikaciya ce mai son yara, kullum da alewa a jaka. Ta ga Firit a zaune a gefena tana ninke ƙyallaye. Ta durƙusa a gabanta, ta fito da alewa, ta ce da murmushi, "'Yan mata, shekarunki nawa?"

Nawa kawai Firit ta ji. Ta saki ƙyallen, ta ɗora hannaye biyu a ka ta dunƙule. Matar ta ja da baya da alewar a hannu, ta dube ni.

"Subhanallahi. Me na ce mata?"

Na ce, "Ba komai, Hajiya. Ba ta saba da mutane ba ne."

Na sake yin ƙarya, kuma wannan karon ba wanda ya taka mini ƙafa.

Tun ranar nake juya abin a raina. Da a ce wani ne a titi ya ɗaga hannu ya fasa wa yarinyar nan kunne, da Yaya da kansa zai fara shaƙe shi, da unguwa ta taru, da an kira hukuma. Amma da yake a falo aka yi, a gaban allo, kuma wanda ya yi shi ke ciyar da mu, sai kowa ya samo wa abin suna mai kyau. Uban ya kira shi koyarwa. Uwar ta kira shi kulawa. Inna ta ce gado ne. Malama tana da aikin da take tsoron rasawa, nas tana da layi a bayanta, ni ina da ɗaki. Manajan da aka yi don a burge shi ya manta da zancen tun ranar Litinin, har yau Yaya yana buɗe masa ƙofa. Mu manya bakwai ne muka san wani abu, kowa da hujjarsa, kuma duk hujjojin nan a bayan yarinya ɗaya aka sauke su. Ba wanda ya ƙi ta a cikinmu. Da ƙiyayya ce ma da ta fi sauƙi, da an san wanda za a nuna.

Jiya da yamma Yaya ya dawo da fara'a. Ƙanwar Firit, wadda za ta cika shekara uku wata mai zuwa, ta tarye shi a ƙofa tana gwaranci. Ya ɗaga ta sama ya cafe, tana ƙyalƙyala dariya. Ya zauna da ita a cinya ya daɗe yana kallon fuskarta.

"Wannan kam idonta a buɗe yake," in ji shi. "Na gane kuskuren da na yi da waccan. Sakaci na yi, na bari sai da ta kai biyar. Wannan ba zan jira ba, tun yanzu za mu fara."

Matarsa ta ce, "Allah ya taimaka."

Ya waiwayo wajen labule yana jira. Na ce amin.